Sandar Inna Hansai

Filibus tela ne a unguwar Birketiri, cikin Yawunde, zamanin mulkin Ahijo. Kirista ne ɗan arewa, yana haya a gidan Malam Sha'aibu. Ɗaki biyu ya kama, bango ɗaya ya raba su: ɗaya nasa, ɗaya na mahaifiyarsa, Inna Hansai, wadda ya ɗauko daga ƙauye bayan ta makance.

Inna ba ta da agogo, ko da akwai ma ba ta gani. Sai ta mai da ladanin unguwa agogonta. Da ya ɗaga murya da asuba, sai ta lalubo sandarta ta ƙwanƙwasa bango, wato Filibus ya zo su durƙusa su yi addu'a tare. Duk duniya abin da take roƙonsa ke nan.

Shi kuwa gogan naka, bakinsa ya fi keken ɗinkinsa gudu.

"Inna, mu fa ba a yanka mana lokaci ba. Ko yaushe ka kira Ubangiji yana ji."

"Gaskiya ne, ɗana. To kai wane lokaci ne naka?"

"Da rana, in aiki ya lafa."

Da rana shago cike yake da masu gwaji. Da yamma akwai hira wurin masu tsire. In ya dawo kuma barci ɓarawo ne. A kwana a tashi, bugun sandar ya zame masa kamar carar zakaran maƙwabta, yana ji yana gyara kwanciya.

Malam Sha'aibu ma ya taɓa tare shi a zaure. Ya ce, "Filibus, ba shiga addininka zan yi ba. Amma wanda aka ce ya zaɓi lokacin addu'arsa, ai sai ya zaɓa. Ka ba tsohuwar nan abin da take so."

Filibus ya yi dariya. "Baba Malam, bari a gama defile, faretin nan na bikin ƙasa. Daga nan kullum ni zan tashe ta."

Watan Mayu ne, bikin ƙasa ya matso, kayan faretin 'yan makaranta sun yi masa tsibi a shago. Ana jajibiri, tun ladan bai buɗe baki ba, sai ya ji sandar. Bugun ranar ba irin na kullum ba ne. A hankali yake zuwa, ya tsaya, ya dawo, kuma daga ƙasan bango. Filibus ya ji gabansa ya ɗan faɗi, amma hannunsa na kan takalmi.

Ya ɗaga murya ya ce, "Na ji, Inna! Sai na dawo!" Ya ja ƙofa ya fita, ko leƙa ta bai yi ba.

Sai bayan magariba ya shigo gida. Ɗakin Inna duhu, kunun da Rakiya matar Malam ta ajiye mata a bakin ƙofa yana nan a rufe. Ya kunna ashana. Ga ta kwance a gindin bango, sandar a hannunta, jikinta ya yi sanyi.

Rakiya tana kuka ta ce masa, "Wallahi har hantsi ina jin bugun. Ban kawo komai a raina ba. Ai kullum haka take buga maka, ba ka amsawa."

Wannan magana ta fi mutuwar kanta yi masa ciwo.

Aka binne Inna, aka kulle ɗakinta. Sandar kuwa Filibus ya ɗauke ta ya jingine a kusurwar ɗakinsa, kusa da kansa.

Washegari ladan ya kira asuba. Bai sauke murya ba sai bango ya amsa: ƙwas, ƙwas. Filibus ya zabura. Ya duba kusurwa, ga sandar nan a tsaye inda ya bar ta. Bugun kuwa daga ɗakin da aka kulle yake fitowa.

Da gari ya waye ya tambayi mutanen gida. Babu wanda ya ji komai. Malam Sha'aibu ya buɗe ɗakin da hannunsa, ba kowa sai tabarma a naɗe.

Asubar da ta biyo baya bugun ya dawo. Filibus ya sauko daga gado, ya sa gwiwa a ƙasa. Nan take bangon ya yi shiru. Ya fara, "Ya Ubanmu wanda ke cikin Sama," har ya kai ƙarshe. Sai ya tsaya, ya kasa kunne, yana jiran muryar da za ta ce amin. Ba ta zo ba. Ya kifa kansa a bangon ya yi ta kuka har rana ta fito.

Tun daga ranar bai sake fashin addu'ar asuba ba, amma shi kaɗai yake yin ta.

Ya kai mai karatu, addu'ar da ba ka tsayar mata da lokaci ba, ba za ka yi ta ba. Zaɓi lokacinka yau ka riƙe shi, kuma in na gida ya kira ka, amsa masa tun yana da rai.