Gulbin da Ya Ƙafe da Azahar

Muna idar da sallar azahar muka tarar ruwan ya janye, kwalekwalenmu na zaune cikin taɓo. Tun daga Riyad muka taso zuwa wannan gulbi na bakin teku, domin tuƙin tara wa marayu taimako.

Yakuba, direban da ya kawo mu, mutumin Maraɗi, ya ce, "Ya ƙafe ke nan, sai damina. Haka namu yake yi."

Ya gangaro da motar ubangidansa tsakiyar gulbin, muka ɗaure kwalekwalen a samanta, muka bar ta nan muka haye tudu cin kabsa, shinkafar Larabawa.

La'asar na yi, teku ya cika ya maido da ruwansa, kwalekwalen kaɗai ake hangowa a saman ruwa.

Yakuba ya jima yana kallo.

"Alhaji Gazali," ya ce mini, "damina ta faɗi da wuri bana."