Dabinon Tsaraba

Ummussalma ta gaji da murmushi. Tun hantsi mata ke shigowa yi mata barka da dawowa daga Jidda, tana miƙa musu dabinon tsaraba.

Ba wanda ya san koro ta aka yi, bayan shekara tara tana aikatau. Ko jaka ba ta zo da ita ba. Dabinon ma a kasuwar Haɗeja ta saya, a rumfar Muttaka.

Hajiya Kulu, tsohuwar da unguwa ke alfahari da zamanta a Makka, ta gutsura, ta tauna a hankali.

"Wannan na rumfar Muttaka ne."

Ummussalma ta yi saurin waigawa ta dubi sauran matan.

Tsohuwar ta matso, ta rage murya. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Ni ma da na dawo, wurin ubansa na saya."