Marigayi Yana Yabon Gwamnati

Tun da aka yi dokar barin wayoyin mamata su ci gaba da magana, marigayi Malam Barau bai daina muhawara a intanet ba. Kullum yabon gwamnati yake yi.

Matarsa, Iya Kande, ta gaji, ta kai wayar ofishin sadarwa.

"Ɗana, ku rufe bakin nan. Ba Malam ba ne."

Ma'aikacin ya yi hamma. "Iya, muryarsa ce fa, har da tarinsa. Kina da shaida?"

Wayar ta yi tari, ta ce, "Kande, a gode wa shugabanni, ruwa ya wadata."

Ta zauna a kan busasshiyar jarkarta.

"Mutumin da har ya koma ga Allah ko miyata bai taɓa yabawa ba?"