Rigar Gola a Ɗakin Kakana

Shekarar da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta ɗauki kofi, ni a ƙarƙashin gado na samu labari.

Kakana malami ne a unguwar Alabar. Ana jibi wasan ƙarshe, manyan ƙungiyar suka kawo masa tsohuwar rigar golansu ya tofa mata addu'a. Suka bar ta rataye a ƙusa, tana warin gumi da man zafi. Duk zango an san abin da magoya baya suka yi wa wani malami bara da aka sha kashi: sun yaye masa kwanon ɗaki.

Ran wasan, ana kiran la'asar kakana ya kashe rediyo. Ya yi salla, ya zauna jan carbi, ya hana a kunna. Can da yamma na jiyo ihu da ganguna sun yo lungunmu. Na fizgo rigar na shige ƙarƙashin gado da ita, wai kada su ga shaida. Ina ji aka bangaje ƙofa har sakata ta fita.

Ashe murna ce ta kawo su. Suka ɗaga tsohon sama da carbinsa.

Da suka watse na fito na ce, "Malam, da ba su ci ba fa?"

Ya ce, "Ni ban roƙa musu nasara ba, 'yar nan. Cewa na yi Allah ya mai da kowa gida lafiya."

Ya karɓi rigar ya mayar da ita kan ƙusa.

Har yau in na ji warin man zafi sai na waiwayi ƙofa.