Takarda a Buhun Fulawa

Manzur mai gurasa ya zura hannu cikin buhun fulawa da sassafe, sai ya ji takarda. Ya zaro ta ya karkaɗe. Ta asibiti ce, rubutun duk Turanci, shi kuwa in ba Urdu ba ko harafi ɗaya ba ya ganewa.

Nan take ya gane ɓoye masa ita aka yi. Ranar Talata matarsa Shamim ta tashi tana kukan ciwon ciki, ya raka ta asibiti yana gunaguni. Duk unguwarmu a birnin Multan na Pakistan an san Manzur: yana cusa hannu cikin tanderu har kafaɗa, amma ya ga allura sai gumi. A can Shamim ta kafe ba za ta kwanta a yi mata hoton ciki ba sai ya fara kwanciya ta ga na'urar ba ta cizo. Ya kwanta yana yi mata dariya. Da aka gama, likita ta ja 'yarsu Rukhsana gefe suka koma Turanci. Kalma ɗaya ya tsinta, don sau uku aka faɗe ta: tumor.

A nan haka ake yi. Ba a faɗa wa mara lafiya, dangi ake faɗa wa, su ja bakinsu su yi ta lallashinsa. Manzur kansa haka ya yi wa mahaifinsa. Abin da ya ƙona masa rai shi ne a tsallake miji na shekara talatin da huɗu a faɗa wa yarinya, don kawai ta yi jami'a.

Da Malam Nazir, tsohon malamin Turanci, ya zo sayen gurasa, Manzur ya ja shi bayan shago ya miƙa masa takardar. Malam ya karanta, ya dubi Manzur, ya sake karantawa, ya yi gyaran murya. Ya ce kalmar na nufin ƙari, wato tsoka da ta tsiro inda ba a gayyace ta ba. Iri biyu ne. Akwai mugu mai yawo a jiki, akwai mai zama wuri ɗaya. Na takardar nan mai zaman ne, sai dai in an bar shi zai girma ya toshe hanji, don haka likita ta ce a yi aiki a cire.

Manzur ya yi hamdala har da ƙwalla. Daga nan kuma, wa ya ga ɗalibi! Kwana uku yana manna gurasa yana maimaita kalmar. Gurasa ta kumbura, ya ce ta yi tumor. Mai shayi ya zo da maruru a wuya, ya ce masa shi ma tumor ne. Malam Nazir ya kwaɓe shi: ba kowane kumburi ake kira haka ba, ba a kuma cewa ya kama mutum kamar zazzaɓi, sai dai a ce mutum yana da shi. Manzur ya hardace wannan ma.

A gida sai ya zama wani mutum daban. Ya riƙa dawowa da mangwaro, ya hana Shamim ɗaukar ko bokiti. Ita kuwa, baiwar Allah, tana shan mangwaronta tana lashe yatsu, ta ma daina sa barkono a miya saboda ya daɗe yana cewa barkono na murɗa masa ciki. Tausayinta ya ishe shi. Tsoronsa ɗaya: matar da ta ji tsoron na'urar hoto, ina za ta yarda da wuƙar likita? In ta ƙi, shi ke nan ya rasa ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yanke shawarar karya al'ada. Ya zaunar da ita a tsakar gida, ya kira Rukhsana ta zama shaida, ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa a juye.

"Maman Rukhsana," ya ce, "an ɓoye miki, ni ba zan ɓoye ba. Kina da tumor."

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan yadda Malam ya koya masa, har da nuni da curin ƙullu. Ya ce abin ba mugu ba ne, barci za a sa ta, ta farka an gama. Ya ce mai tsoron irin wannan aikin ai ragon banza ne.

Shamim ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa cikin mayafi.

"Baban Rukhsana, daɗin baki ne kawai. Da kai ne za ka yarda?"

"Ni? Wallahi da ni ne, da ƙafata zan hau gadon."

"To ɗora hannu a kan 'yarka ka sake faɗa."

A wurinmu wanda ya rantse da kan ɗansa ba shi da hanyar komawa baya. Manzur bai ko yi jim ba, ya dafa kan Rukhsana ya maimaita da ƙarfi, yana jin kansa namijin duniya.

Shamim ta ɗago. Ashe dariya take yi. Ta ce wa Rukhsana ta ɗauko jakar asibitin, don likita ta riga ta sa ranar aiki, Litinin da safe. Manzur ya karɓi jakar da kansa ya zuge, wai ya duba ko an manta wa matarsa wani abu.

Rigunansa uku ya gani a ninke, da silifas ɗinsa, da katin kwantar da mara lafiya, wannan karon da rubutun Urdu ɓaro-ɓaro: Manzur Husain, mai gurasa.