Rigar Sanyi a Agege

Khamisu ya tsaya a ƙofar gidan su Mastura a Agege, jakarsa a kafaɗa. Ya bar dakon nama a Oko-Oba, zai koma ƙauyensu ya riƙe gonar mahaifinsa. Tun da ya nemi aurenta ba ta ba shi amsa ba, kuma bai ga laifinta ba. Haifaffiyar Legas, me za ta je yi ƙauye?

Ta fito ta miƙa masa leda, idonta a ƙasa. Rigar sanyi ce ta ulu, ruwan toka, hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo.

"Ke kika saƙa?"

"Wallahi na sha warwarewa. Ban ƙware ba."

Ya rungume rigar a ƙirji. "Na gode, Mastura. Ko ba komai, zan riƙa tunawa da ke."

Ta ɗago ta harare shi. "Wane irin tunawa kuma, Malam? Biyu na saƙa. An ce garinku akwai sanyi, ni kuma ban saba ba. Baba ya ce ka turo magabatanka."

Khamisu ya sauke jakarsa a hankali, ya ce, "Alhamdu lillahi."