Tsohuwar Zandam

Hajiya Munawwara ta sa yatsu biyu ta kama haɓar tsohuwar, ta juya fuskarta wajen wayar da ke ɗaukar bidiyo, kamar mai duba haƙoran akuya a kasuwa.

"Jama'a, ku kalla da kyau. Ga ƙarshen fatar da ba ta san mai ba."

Tsakar gidan da ake taron suna a Gwaram ya cika maƙil da mata, kowa ta miƙo wuya.

Kada wani ya ɗauka zumunci ne ya taso da Munawwara tun daga Birnin Kudu. Wata uku ke nan magana na yawo a gari, wai haɗin man da take damawa a bayan shagonta cinye fata yake yi. Ita kuwa shekara goma da man nan take ci take sha, shi ya kai ta Makka, shi ya sa mata haƙorin zinaren da take washe wa mutane. Dillalai ke shiga da shi gida-gida. Yawancin masu shafawa ko fuskarsu ba ta taɓa gani ba, ba ta kuma damu ta gani ba. Yanzu dillalan sun fara dawo mata da robobi a rufe. In yau ba ta wanke sunan man nan ba, a gaban mata da kuma a waya, shago ya mutu.

Don haka fuska take nema, lalatacciya, wadda za ta tsorata mata da ita. Ta kuwa samu a gindin darbejiya, inda wasu mata biyu 'yan rugar Zandam suka sauke ƙoren nonon da suka kawo wa mai jego.

Ɗayar, wadda ake kira Hapsatu, baƙa ce sumul, fata a cike tana sheƙi, da malfa rataye a baya. Ɗayar ta ƙudundune cikin hijabi, fuska duk ta yamushe. Hapsatu ba ta kallonta, ba ta yi mata magana. In za ta ba ta fura, turo ƙwaryar take yi kanta a sunkuye. In ta kama dole ta ambace ta, sai ta ce "waccan".

Munawwara ta taɓe baki. Suruka da uwar miji, ta yanke a ranta, kunyar ƙauye da ba ta tsinana wa kowa komai. Ba ta tambayi kowa ba. Irin su Munawwara ba sa tambaya, ai sun riga sun san komai.

Ta shiga bayani. A gaskiya rabin abin da ta faɗa ba ƙarya ba ne, a waya ta tsince shi. Fata in shekaru suka ja maiƙonta raguwa yake, ta bushe, ta yi sirara, ta saki. Rana ce babbar mai tsofar da ita. Daga gefen ido ake farawa, sai goshi, sai wuya. Sauran rabin kuwa, wai babu mai tare wannan duka sai robar da ke cikin jakarta.

"Kun ga kumatu? Kun ga yadda suka ƙone suka yi baƙi? Aikin rana ke nan da gona. Kun ga jijiyoyi kore-kore sun fito? Fata ta ƙare, saura leda."

Ta fisgo hannun tsohuwar ta ɗaga sama. Gaɓoɓin yatsun baƙi ƙirin, tafin kuwa laushi tuɓus, babu kanta ko ɗaya. Munawwara ta yi dariya ta ce Baba har ta yi ritaya daga fartanya.

'Yan mata suka ƙyalƙyale. Manyan matan gidan ba su yi dariya ba, kallon juna kawai suke yi. Munawwara ta ɗauka bayaninta ne ya ratsa su, sai ta ƙara ɗaga murya. Mai hijabin kuwa hawaye ne ke bin tamojin fuskarta yana ɗiga a cinya. Wallahi abin tausayi, amma mai talla ta ga hawayen ma zai yi kyau a bidiyo, ta yi wa mai riƙe da waya alama ta matso.

Sai ta juya kan Hapsatu.

"Ke kuma me kike shafawa?"

"Man kaɗanya, Hajiya. Rana kuma ga malfa."

"Man kaɗanya! Sai ka ce mai amosanin ƙafa. Ƙuruciya ce ke rufa miki asiri, 'yar nan. Ki ci gaba, nan da shekara ashirin ke ce wannan." Ta zaro roba ta dangwara mata a cinya. "Kyauta na ba ki. Yanzu kalli waya, ki faɗa wa duniya sunan Baba da shekarunta."

Hapsatu ta kau da kai daga wayar.

"Yi magana mana! Mijinki ba ya nan, ba wanda zai ce kin raina uwarsa."

Hapsatu ta ɗauke robar daga cinyarta da bakin zane, ta ajiye a ƙasa. Ta miƙe. A karon farko tun zuwansu ta dubi mai hijabin, ta cire yatsun Munawwara daga jikin baiwar Allahn, sannan ta fuskanci wayar.

"Hajiya, sunanta ba zai fito a bakina ba, don a wajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Amma tunda shekaru kike so, ni na haife ta, ashirin da bakwai gare ta, kuma tun ranar da aka kai ta ɗaki a Birnin Kudu, shekara takwas ke nan, ba ta taɓa shafa wani mai ba sai naki."